Adam Goodes: gwarzon da alƙalai suka yaba, 'yan kallo suka yi wa eho

A Ostireliya akwai karramawar da ake yi wa manyan 'yan ƙwallo idan sun yi ritaya. Ranar wasan ƙarshe na cin kofi, kafin a take wasa, sai a ɗora su a buɗaɗɗun motoci a zagaya da su filin MCG na birnin Melbourne, mutum kusan dubu ɗari suna tafa musu. A 2015 an gayyaci Adam Goodes ya shiga wannan zagaye, ya ce a kai kasuwa. Mutumin da ya buga wa Sydney Swans wasa 372, ya ci ƙwallo 464, ya ɗauki kofi biyu, aka ba shi lambar gwarzon gasa sau biyu, shi ne ya gwammace ya zauna a gida. Babu wanda ya tambayi dalili, don kowa ya sani. Ya shafe watanni duk filin da ya je in ban da gida, da zarar ya taɓa ƙwallo sai taro ya ɗauki eho.

Masu ehon sun kawo hujjojinsu, wasu ma har yau suna kan bakansu. To amma hujjojin nan ba sa aunuwa sai an bi abin da mutumin ya yi a fili cikin kakar wasa 17, kuma wannan ba ya fahimtuwa sai an san wasan kansa, wato ƙwallon dokokin Ostireliya, tunda a wajenmu ba kasafai ake ganinsa ko a talabijin ba.

Ba ƙwallon ƙafar da muka saba ba ne, ba kuma zari-ruga ba ne, ko da yake ƙwallon tasu doguwa ce mai siffar gwanda. A Melbourne aka rubuta dokokinsa na farko a 1859, kuma a filin kurket ake buga shi, fili mai kewaye wanda tsawonsa kan wuce mita 150. Kowane ɓangare mutum 18 ne. A kowane ƙarshen fili akwai dogayen turaku huɗu: in ka harba ƙwallo da ƙafa ta bi tsakanin biyun tsakiya ka sami maki shida, in ta bi ta gefe ko ta bugi turke ko wani ya taɓa ta, maki ɗaya. Ana gudu da ƙwallo a hannu, amma duk mita 15 sai an buga ta da ƙasa. Ba a jefa wa abokin wasa ita, sai dai a ɗora a tafin hannu a nausa da ɗaya hannun. Wanda ya cafe ƙwallon da aka harbo daga nesan mita 15 kafin ta taɓa ƙasa, an ba shi bugu ba mai taɓa shi, shi ya sa za ka ga ƙato ya taka kafaɗar ɗan'uwansa ya tashi sama don cafka. Babu satar gida. Ana kama mutum a kayar, ana bangaza. Kashi huɗu ake yi, kowane minti 20 ban da lokacin da aka tsayar, kuma ɗan wasan tsakiya kan yi gudun da ya haura kilomita 12 kafin a tashi.

Wasa ne da ke raba mutane bisa ƙirar jiki. Dogo sosai ana ajiye shi a tsakiya, aikinsa idan alƙali ya jefa ƙwallo sama, ya yi tsalle ya mare ta zuwa ga nasa. Mai faɗin ƙirji ya tsaya gaba ko baya. Gajere mai zafin nama ya shiga cikin turmutsitsi ya zaro ƙwallo. Yawancin 'yan wasa gurbi ɗaya suke riƙewa har su tsufa. Goodes kuwa ya buga kusan kowane gurbi, kuma a biyu daga ciki ya zama wanda ya fi kowa a ƙasar.

An haife shi ranar 8 ga Janairun 1980 a Wallaroo, jihar Ostireliya ta Kudu. Mahaifinsa Bature ne, mahaifiyarsa Lisa kuwa 'yar asalin ƙasar ce, daga al'ummomin Adnyamathanha da Narungga. Tana cikin yaran da hukuma ta raba da iyayensu, a ƙarƙashin manufar da ta ci gaba har wajen 1970 ta ƙwace 'ya'yan Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, a kai su gidajen marayu ko hannun Turawa. Iyayensa sun rabu yana ƙarami, ita ta rene shi da ƙannensa biyu, suna tashi daga wannan gari zuwa wancan. Da farko ma ƙwallon ƙafa irin tamu yake bugawa. Sai da suka koma wani ƙaramin gari a jihar Victoria inda babu ƙungiyar da zai shiga, ya koma wasan da yaran garin ke yi. Masu sharhi sun sha danganta yadda yake sarrafa ƙwallo a ƙasa da wancan tushe, kuma wanda ya kalli tsofaffin wasanninsa zai ga alamar haka.

A gasar AFL, babbar gasar wasan a ƙasar, ba a sayen matashin ɗan wasa da kuɗi kamar yadda ake yi a Turai. Kowace shekara ƙungiyoyi kan zauna su zaɓi matasa bi da bi, wadda ta zo ta ƙarshe a teburi ita ke fara zaɓa, ga kuma iyakar albashin da kowace za ta iya biya. Manufar ita ce kada mai kuɗi ya tattare gwanaye. A zaɓen 1997 sai a lamba ta 43 aka kira sunan Goodes, wato sau 42 ana tsallake shi. Ya shekara guda bai buga wa babbar tawaga ba. A 1999 ya fara, a shekarar kuma aka ba shi lambar matashin da ya fi haskakawa. Daga nan sai ya ɗan yi sanyi, ana kai shi gaba ana dawo da shi baya, yau ya burge gobe a neme shi a rasa.

Abin ya canja da zuwan Paul Roos, wanda ya karɓi horar da ƙungiyar a tsakiyar 2002. Roos ya bar shi a gurbin ɗan tsallen tsakiya, wanda a ido bai dace da shi ba, don tsawonsa santimita 191 ne, abokan karawarsa kuwa yawanci sun kai mita biyu. Dabarar ita ce, abin da ya rasa a tsayi yana samunsa a tsalle, sa'annan da ƙwallo ta sauka ƙasa, dogon da ke gadinsa ba ya iya bin sa. Sai ya zama tamkar Sydney na da ƙarin ɗan wasan tsakiya guda. A 2003 ya sami ƙuri'a 22 a lambar Brownlow ta gwarzon gasa, suka yi kunnen doki da Nathan Buckley na Collingwood da Mark Ricciuto na Adelaide, aka ba su ukun. Mahaifiyarsa ya ɗauko ta raka shi bikin. Tun daga shekarar babu ɗan tsallen tsakiyar da ya sake cin lambar.

Ya kamata a tsaya a kan Brownlow ɗin nan, don za ta yi amfani a gaba. Tun 1924 ake bayar da ita, kuma ba 'yan jarida ko magoya baya ke zaɓe ba. Alƙalan da suka busa wasa su ne ke zama bayan an tashi, su ba mutum uku ƙuri'a: uku ga wanda ya fi, biyu, ɗaya. A rufe takardar, ba a buɗewa sai daren Litinin na makon wasan ƙarshe, a karanta a talabijin wasa bayan wasa. Sharaɗinta kuma ba iyawa kaɗai ba ne, har da tsabtar wasa. Duk wanda aka dakatar saboda laifi a kakar, ko ya fi kowa ƙuri'a ba za a ba shi ba. Saboda haka mai Brownlow mutum ne da alƙalai, waɗanda suka fi kowa kusa da abin da ke faruwa a fili, suka shaida cewa gwani ne kuma ba mugu ba.

A 2004 ya ji rauni a gwiwa. A lokacin 'yan tsallen tsakiya kan taho da gudu daga nesa su haɗu a sama gwiwa da gwiwa, jijiyar bayan gwiwa tana tsinkewa, har hukumar gasar ta zana ƙarin da'ira a 2005 don rage nisan gudun. Ga Goodes dai an makara, gurbin da ya yi suna a ciki ya fita daga hannunsa. Ɗan wasa da yawa a nan labarinsa ke fara gangarowa. Shi kuwa aka mai da shi baya na ɗan lokaci, sa'annan tsakiya, inda ya zama matsalar da masu horarwa suka rasa maganinta: in ka sa masa dogo ya tsere masa, in ka sa masa gajere ya cafe ƙwallo a kansa. A 2006 ya sake cin Brownlow da ƙuri'a 26, wannan karon shi kaɗai. Gavin Wanganeen ne ɗan asalin ƙasa na farko da ya ci lambar a 1993, Goodes ne na farko da ya ci biyu.

Ita ƙungiyar tasa ma tana da nata tarihin wahala. Asalinta South Melbourne ce, talauci ya sa ta ƙaura zuwa Sydney a 1982, birnin da mutanensa zari-ruga suka sani. Rabonta da kofi tun 1933. Roos ya gina tawagar da ba ta dogara da taurari ba, sai matsi da kamun mutum da toshe fili, har shugaban hukumar gasar na lokacin, Andrew Demetriou, ya fito ya kushe salon wasan nasu a 2005. A watan Satumban shekarar suka doke West Coast da maki 58 da 54, Leo Barry ya yi wata cafka a tsakiyar taro daf da tashi wadda ta tsare nasarar, aka kawo ƙarshen jiran shekara 72. Shekara ta zagayo suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, West Coast ta rama da 85 da 84. Wasa shida a jere tsakanin ƙungiyoyin biyu, in ka haɗa ratar duka maki 13 ne kacal. A cikin tawagar da aka gina kan aikin gayya, Goodes ne mutumin da zai iya ɗaukar ƙwallo daga tsakiya, ya buga ta da ƙasa sau biyu yana gudu, ya harba daga mita 50.

Juriyarsa ma abin faɗa ce. Tsakanin 1999 da 2008 ya buga wasa 204 a jere bai yi fashi ba, a wasan da ake karo da ƙarfi ba tare da sulke ba. Daga 2009 ya zama ɗaya daga cikin kyaftin ɗin ƙungiyar, ya matsa gaba, ya fi kowa cin ƙwallo a Sydney shekara uku a jere. Sau huɗu ana sa shi a tawagar gwanayen ƙasa, sau uku yana zama gwarzon ƙungiyarsa. A wasan ƙarshe na 2012 da Hawthorn, ƙarƙashin koci John Longmire, jijiyar gwiwarsa ta sake tsinkewa tun kafin hutun rabin lokaci. Ya ci gaba da wasa yana ɗingishi, kuma a kashi na ƙarshe ya ci ƙwallon da ta ba Sydney rata, suka ɗauki kofi da 91 da 81. Da a daren nan ya yi ritaya, da ba wanda zai rubuta komai a kansa sai yabo.

Wata takwas bayan haka, ranar 24 ga Mayun 2013, Sydney ta kara da Collingwood a MCG. Makon ne da gasar ke keɓewa don karrama 'yan asalin ƙasa, waɗanda a lokacin ba su fi kashi uku cikin ɗari na al'ummar Ostireliya ba amma suna kai kusan kashi goma na 'yan wasan AFL. Goodes ya yi wasa mai kyau, ƙungiyarsa na kan gaba. Ana gab da tashi ya bi ta bakin shinge, wata yarinya 'yar shekara 13 ta kira shi gwaggon biri. Ya tsaya, ya nuna ta ga masu gadi, aka fitar da ita, shi kuma ya bar fili bai tsaya murnar nasara ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a wasan. A 1993 Nicky Winmar na St Kilda, bayan ya sha zagi daga magoya bayan Collingwood, ya ɗaga rigarsa ya nuna fatar cikinsa, hoton ya zama ɗaya daga cikin sanannun hotunan wasanni a ƙasar. A 1995 Michael Long na Essendon ya kai ƙarar wani ɗan wasa da ya zage shi da launinsa, ya ƙi yarda a rufe maganar, har hukumar ta kafa dokar hana cin zarafi saboda launi ko addini. AFL ta daɗe tana alfahari da wannan doka, kuma ta cancanci yabo a kai, don zagi tsakanin 'yan wasa ya ragu ƙwarai.

Washegari Goodes ya yi magana da 'yan jarida. Ya ce abin ya yi masa ciwo, ya ce a daren jiya fuskar wariya fuskar yarinya ce 'yar shekara 13, amma nan take ya ƙara da cewa ba laifinta ba ne, abin da take ji a muhallinta ne, ya roƙi a tallafa mata kada a far mata. Yarinyar ta kira shi ta ba shi haƙuri, ya karɓa. A shekarun da suka biyo baya, wasu masu sharhi a rediyo da jaridu sun riƙa maimaita rabin farko na maganar suna barin na biyu, har ya zauna a zukatan mutane da yawa cewa ƙato ya ci zalin yarinya. Akwai abin dubawa a yadda masu gadi suka tafi da ita ita kaɗai a gaban kyamara, wannan gaskiya ne, amma ba Goodes ne ya tsara hakan ba. Bayan 'yan kwanaki kuma shugaban Collingwood, Eddie McGuire, wanda ya je har ɗakin 'yan wasa ya ba shi haƙuri a daren, ya yi raha a rediyo cewa a yi amfani da Goodes wajen tallata wani wasan kwaikwayo na gwaggon biri. Ya nemi afuwa, ya ci gaba da riƙe kujerarsa.

A Janairun 2014 aka naɗa Goodes Gwarzon Ostireliya na Shekara, saboda yaƙi da wariya da kuma gidauniyar GO da suka kafa da abokin wasansa Michael O'Loughlin don karatun yaran 'yan asalin ƙasa. Ana bayar da lambar ne a jajibirin ranar ƙasa, 26 ga Janairu, ranar da jiragen Ingila suka sauka a 1788, wadda Aborijin da yawa ke ɗauka ranar makoki ce. Ya yi amfani da matsayin ya yi magana kan ƙwace ƙasa da kisa da raba yara da iyaye, abubuwan da shi kansa sai da ya girma ya shiga makaranta ya karanta su, ya gane abin da ya sami mahaifiyarsa. Firaminista Kevin Rudd ya riga ya nemi gafarar waɗannan yara a majalisa tun 2008, don haka ba wani sirri Goodes ya tona ba. Bambancin shi ne, wannan karon maganar ta fito daga bakin ɗan ƙwallo, mutumin da aka saba biya a kalla ranar Asabar. A kakar 2014 ehon ya fara, har a wasan ƙarshe da Hawthorn ta lallasa su.

A 2015 abin ya zama ruwan dare. Ranar 29 ga Mayu, a makon karrama 'yan asalin ƙasa, ya ci Carlton ƙwallo, ya nufi wajen magoya bayansu yana rawar yaƙi, ya ƙare da alamar jifa da mashi. Ya ce wasu yara 'yan ƙasa da shekara 16 na Flying Boomerangs, tawagar matasan Aborijin, su ne suka koya masa. Aka yi ca a kansa, wai ya yi wa 'yan kallo barazana. Mashin da babu shi a hannu. Ƙasar nan kuwa maƙwabciyar New Zealand ce, wadda 'yan zari-rugarta ke rawar haka a gaban abokan karawa kafin kowane wasa, kuma 'yan Ostireliya kan biya kuɗi su kalla su tafa. A ƙarshen Yuli a birnin Perth, ehon magoya bayan West Coast ya kai inda abokin wasansa Lewis Jetta ya ci ƙwallo ya maimaita rawar mashin don nuna goyon baya. Bayan wasan Goodes ya ɗauki hutu. Kyaftin ɗin ƙungiyoyi 18 suka fitar da sanarwa ɗaya suna roƙon a daina. A wasan da bai buga ba, magoya bayan Sydney suka miƙe suna tafi a minti na bakwai na kashi na uku, don lambar rigarsa 37. Ya dawo bayan mako guda, aka ɗan lafa, sa'annan aka koma.

Hujjar masu eho kashi uku ce. Ta farko, wai eho al'adar wasan ce. Haka ne, ana yi wa wanda ya bar ƙungiya ya dawo da rigar wata, ana yi wa wanda ya yi mugun wasa, an yi wa Jobe Watson na Essendon a 2013 lokacin badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari. Sai dai irin wannan na wasa ɗaya ne ko biyu, daga magoya bayan da ke da takamaiman haushi. Na Goodes ya bi shi gari gari, daga ƙungiyoyin da ba su da wani tarihi da shi.

Ta biyu, wai mugun ɗan wasa ne, yana zamewa da gwiwa cikin ƙafafun mutane, yana faɗuwar ƙarya don a ba shi bugu. A nan ne Brownlow ke shigowa. Ba waliyyi ba ne a fili, an taɓa dakatar da shi, kuma duk wanda ya buga wasa sama da 300 za a sami abin nunawa a faifansa. Amma mutumin da alƙalai suka zaɓa sau biyu a matsayin gwani mai tsabtar wasa, wanda ya shafe kakar wasa 14 ba a yi masa irin wannan ihu ba, yaya aka yi muguntarsa ba ta bayyana ba sai bayan Mayun 2013? Salon wasansa bai canja ba. In ma ya canja, sanyi ya yi, don shekaru sun ja, har a farkon 2015 ya koma tawaga ta biyu na ɗan lokaci.

Ta uku ta fi wayo: akwai 'yan asalin ƙasa kusan 70 a gasar, me ya sa shi kaɗai? Ai amsar tana cikin tambayar. Sauran ba su tsaya sun nuna mai zagi da yatsa a gaban ƙasa ba, ba su hau mumbarin ranar ƙasa sun yi maganar tarihi ba. Taron ba ya ƙin ɗan Aborijin mai tsalle da cafka, yana ma son sa. Wanda ya buɗe baki ne ya gagara haɗiyuwa. Ban ce duk wanda ya yi eho mai wariya ne a zuciyarsa ba, da yawa sun bi yarima ne a sha kiɗa, wasu kuma haushin a ce musu kada su yi ne ya sa suka ƙara. To amma bayan mutumin da kansa, da abokan wasansa, da kyaftin 18 sun faɗi yadda abin ke sauka a kunnensu, wanda ya ci gaba ya san abin da yake taya wa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda hukumar ta rasa abin yi. Dokar 1995 an gina ta ne don kalma: wane ya ce wa wane kaza, ga shaida, a zauna sulhu, in ya ƙi a yi hukunci. Ko ɗan kallo ne ya furta zagi, ana iya gano kujerarsa a fitar da shi a soke katinsa, an kuma yi hakan. Eho ba kalma ba ne. Mutum dubu talatin za su yi shi tare, kowane ɗaya ya rantse cewa nasa dalilin daban ne, kuma ba ka da yadda za ka ƙaryata shi. Masu kallon ƙwallon Turai sun ga yadda aka kama waɗanda suka yi wa Vinícius Júnior kukan biri a Valencia a 2023 har kotu ta yanke musu hukuncin ɗauri, don abin da suka yi yana da suna a doka. Abin da aka yi wa Goodes ba shi da shi. Abin da ya rage wa shugabanni shi ne su fito da wuri su kira abin da sunansa, su ɗauki fushin masu sayen tikiti. Shugaban hukumar, Gillon McLachlan, ya yi ta zagaye-zagaye a 2015, sai a shekara ta gaba ya amsa cewa sun yi jinkiri.

Ba zan ce eho ne ya rage masa shekarun wasa ba. Yana da shekara 35, gwiwoyinsa sun gaji, ko ba komai ƙarshen ya zo. Abin da aka ƙwace masa shi ne sallama. Ranar 19 ga Satumban 2015 North Melbourne ta fitar da Sydney daga gasar, ya fita daga fili kamar kowa, sai a ɗakin canja kaya ya shaida wa abokansa cewa ya gama. A lokacin shi ne ɗan asalin ƙasa da ya fi kowa yawan wasanni a tarihin gasar, bayan ya wuce 340 na Andrew McLeod, har Shaun Burgoyne ya zo ya wuce shi a 2019.

A 2019 ɗin ne, da fina-finai biyu na tarihin abin da ya faru suka fito, mutane suka ga shekaru ukun a jere cikin zama ɗaya, AFL da ƙungiyoyinta 18 suka fitar da takardar neman gafara ba tare da sharaɗi ba, suka amsa cewa wasan bai tsaya masa ba. A 2021, shekarar farko da ya cancanta, kwamitin zauren gwarazan wasan ya zaɓe shi baki ɗaya. Ya aika musu cewa ba ya so, shugaban hukumar Richard Goyder ya ce sun fahimta. Goodes ya ci gaba da aikin gidauniyar GO, wadda ke ba ɗaliban 'yan asalin ƙasa tallafin karatu daga firamare har jami'a.